Shin Farfetuwa Ta Raina Mahaifinta?

A shekara ta 203, zamanin Kaisar Saftimiyus Safirus, aka kama wata matashiya mai suna Farfetuwa a birnin Kartaj, ƙasar Tunisiya ta yau. Shekarunta kamar 22, da jariri a nono. Laifinta kawai bin Almasihu. Tana hannun hukuma aka yi mata baftisma.

Mahaifinta, wanda ba mai bi ba ne, ya yi ta zuwa yana roƙonta ta miƙa hadaya domin Kaisar ta tsira. Ya tuna mata da furfurarsa da jaririnta, ya sumbaci hannuwanta yana kuka. Ita kuwa tun farko ta nuna masa wani tulu, ta ce kamar yadda ba a kiransa da wani suna dabam, haka ita ma ba ta da suna sai Kirista. An kashe ta a filin wasa ranar 7 ga Maris, tare da Filisita, baiwar da ta haihu a kurkuku.

To, 'yan'uwa, doka ta umarce mu mu girmama iyaye. Ashe Farfetuwa ba ta karya ta ba? Kada mu yi garajen amsawa, gama hawayen tsohon nan na ƙauna ne.

Sai dai girmamawa dabam, biyayya dabam. Biyayya ga mutum tana da iyaka, wato inda ya nemi mu yi musun Ubangiji. Girmamawa kuwa ba ta ƙarewa. A labarin da ta rubuta da hannunta, ta ce sa'ad da mai mulki Hilariyanus ya sa aka bugi mahaifinta da sanda, ta ji zafin kamar a jikinta. Ta ƙi roƙonsa, amma ba ta fitar da shi daga zuciyarta ba.

A nan ma'aunin yake. Yawancin saɓanin gidajenmu a kan aure ne, ko kuɗi, ko sana'a, bai kai ga musun bangaskiya ba. Ɗan da ya ɗaga wa uba murya yana fakewa da sunan Allah, ya tambayi kansa: baƙin cikin mahaifina yana ci mini rai? Wa ke ɗaukar hasarar, ni ko shi? Farfetuwa da ranta ta biya.

Mu iyaye kuma mu tuna, 'ya'yanmu amana ne a hannunmu, amma lamirinsu na Allah ne. Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabewa. Amin.