Ɗana, Kafin Ka Ɗauki Kaso, Tambayi Cikin Su Wa

Ɗana, kai da ka tashi a Jibiya ba sai an gaya maka abin da rufe boda ke jawowa ba. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Aka sake garƙame ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Bayan irin wannan, masu bincike kan zo su yi wa 'yan kasuwa tambayoyi, su zuba amsoshin a jadawali, kuma da jadawalin nan ake yanke wa mutane hukunci. Shi ya sa nake so ka iya karanta shi da kanka.

Ga misali, na ƙirƙira shi ne don ka gane. A ce an tambayi masu safara ta bodar Jibiya, tsakanin Magama da Ɗan Isa, ko rufewar ta tsayar musu da sana'a. Jadawalin na da gida huɗu, kowanne kaso ne daga cikin duk waɗanda aka tambaya. Masu ƙaramin jari da sana'arsu ta tsaya, kashi 40. Waɗanda tasu ba ta tsaya ba, kashi 40. Masu manyan motoci da suka tsaya, kashi 15; waɗanda suka ci gaba, kashi 5.

Mai gaggawa zai kalli 40 da 15 ya ce ƙananan 'yan kasuwa abin ya fi bugawa. Kada ka bi shi. Fara da haɗa layin kowane rukuni: ƙanana 80 ne, manya 20. In kana son sanin halin manya, ka manta da ɗarin nan gaba ɗaya, ashirin ɗin su ne jama'arka yanzu. Raba 15 da 20, ka sami kashi 75 cikin ɗari. Ƙanana kuwa, 40 cikin 80, rabi ke nan. Ashe a cikin manya ne tsayawar ta fi yawa. Ƙanana sun fi yawa ne tun asali, shi ya kumbura gidansu.

Yanzu juya tambayar. Cikin waɗanda sana'arsu ta tsaya, nawa ne ƙanana? Nan 55 ne a ƙasa, wato 40 da 15, amsar kuwa kusan kashi 73. Wannan ma gaskiya ce, amma ta wata tambaya daban. Mai rabon tallafi ita yake bukata, don ya san ga wa yawancin buhunan za su tafi. Mai son sanin wace sana'a ce rufewa ta fi karyawa, ta farko zai riƙe. Abin da ke ɓata min rai shi ne in ji an ɗauki amsar wannan an liƙa wa waccan, a taro ko a rediyo, kuma ba wanda ya ce uffan.

Ka kuma nemi adadin mutanen kansu. In mutum ɗari kacal aka tambaya, manyan nan ashirin ne, amsar mutum ɗaya na motsa kasonsu da biyar. Sannan ka bincika inda aka yi tambayar. In a bakin shingen kwastam aka tsaya, wanda jarinsa ya karye ya koma gona ba ya wurin, ba kuma zai shiga kowane gida a jadawalin ba.