Shin 'Yar Kallo Tana da Alhaki?

'Yan uwana mata, akwai wata magana da ba ta yi mana nauyi a baki, wato "ni dai 'yar kallo ce". Idan faɗa ya kaure a gidan haya, aka fito aka yi cirko-cirko, gobe in mai unguwa ya tambaya sai kowace ta ce ai ita kallo kawai ta yi. Ni kuwa na daɗe ina tantamar wannan magana, kuma abin da ya ƙara mini tantama shi ne labarin filayen da mata ke buga ƙwallon ƙafa. Na san wata za ta ce ina ruwan matar aure da tamaula? Ki yi haƙuri ki biyo ni, domin mutanen da ke zaune a gefe suna kallo su nake so mu duba.

A lokacin yaƙin duniya na ɗaya, da mazan Ingila suka tafi fagen fama, mata ne suka shiga masana'antu suna ƙera kayan yaƙi. A wata masana'anta mai suna Dick, Kerr da ke garin Preston, ma'aikata mata suka kafa ƙungiyar ƙwallo, suna wasa ana tara kuɗi don taimakon sojojin da suka dawo da rauni. Ranar 26 ga Disamba, 1920, suka kara da matan St Helens a filin Goodison Park na birnin Liverpool. Mutum 53,000 suka shiga, wasu dubbai aka rufe ƙofa suna waje, kuma an tara sama da fam 3,000. To me ya biyo baya? Shekara ba ta cika zagayowa ba, ranar 5 ga Disamba, 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta hana mata wasa a filayen ƙungiyoyinta, ta ce wai wasan bai dace da mata ba, ta kuma kawo ƙorafi a kan yadda ake kashe kuɗin ƙofa. Wannan hani ya kai shekara 50.

Ki lura da abin da aka yi. Ba a ƙwace musu ƙwallo ba, duk wadda ta ga dama tana iya zuwa fegi ta buga. Wurin zaman jama'a aka rufe musu, kuma da haka wasan ya yi ta dusashewa har aka kusa mantawa da shi. Ashe hukumar ta san abin da mu muke musu, cewa ƙarfin mai wasa yana wurin mai kallo. Ko a gidan biki, amada ba ta armashi in babu masu tafi da guɗa.

Da zamani ya juyo, 'yan kallon ne dai suka sake ɗaga wasan. A 1999 mutum 90,185 suka kalli wasan ƙarshe na kofin duniya tsakanin Amurka da Sin. A Maris na 2022 mutum 91,553 suka cika filin Camp Nou don ganin matan Barcelona da na Real Madrid, bayan 'yan makonni aka samu 91,648 a wasansu da Wolfsburg ta Jamus. A wancan lokaci 'yar Nijeriya Asisat Oshoala tana cikin 'yan wasan Barcelona. Masu kushe suna cewa ai tikitin ne da araha shi ya sa aka cika. Gaskiya ne da araha, kuma arahar ce ta sa uwa take iya ɗebo 'ya'yanta, har da kaka, a tafi tare. Ni ban ga aibin taron da yarinya 'yar shekara bakwai za ta zauna a cikinsa hankalin uwarta kwance ba.

Sai dai kada mu yaudari kanmu mu ce duk taron da aka yi don mata tsarkakakke ne. Ga abin da ya faru a Rabat ta ƙasar Maroko ranar 18 ga Yuli, 2022, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin matan Afirka. Mutum 45,562 suka shiga filin, adadin da ba a taɓa gani ba a wannan gasa kafin ranar, kusan dukkansu suna bayan 'yan gida. Aka kori 'yan Nijeriya biyu da jan kati, Halimatu Ayinde haifaffiyar Kaduna da Rashidat Ajibade, saura tara suka riƙe goma sha ɗaya har ƙarin lokaci ya ƙare ana ci ɗaya da ɗaya. Da aka zo bugun fenareti, sai ga koren haske irin na 'yar tocilan ɗin nan ta lesa yana yawo a fuskokin 'yan Nijeriya, daga cikin 'yan kallo ake dallaro shi. Maroko ta ci 5 da 4.

Yanzu ki tsaya mu yi hisabi. Wanda ya riƙe tocilan bai taɓa ƙwallo ba, bai taka ciyawa ba, da za a tambaye shi zai ce shi ɗan kallo ne. Alhali yarinyar da ta yi gudun minti 120, ƙafa ta yi nauyi, ta zo za ta yi bugu guda wanda ƙasarta ke jira, shi ya ga dama ya kashe mata ido. Wannan kam kowa zai yarda zalunci ne. Inda maganar ta fi ɗaure mini kai shi ne na kusa da shi, wanda ya gani ya yi dariya, ko matar da ke bayansa da ta kawar da kai don dai ƙasarta ce za ta amfana. Ni a ganina suna da kaso. Mutum ba ya yin irin wannan shi kaɗai a fili, sai ya waiga dama da hagu ya tabbata ba mai tsawata masa. Shirun maƙwabcinsa shi ne izininsa.

Amma in yi adalci, taron nan mai 45,562 shi ne kuma ya nuna wa duniya cewa a ƙasar Larabawa ta Musulmi ana iya cika fili don 'ya'ya mata. Yawancinsu waƙa da tafi suka je yi. Abin da ya sa lamarin ke da wuya ke nan: taro ɗaya ne, da mai alheri da mai mugunta kujerunsu na jere.

Akwai kuma wani nau'in kallo da mu mata muka fi kowa saninsa, kallon da ba ruwansa da aikin da kike yi, jikinki yake bi. A 2004 Sepp Blatter, shugaban hukumar ƙwallon duniya FIFA a lokacin, ya ba da shawarar mata su riƙa sa gajeren wando mai kama jiki don wasansu ya ja hankali. Kin ji fa! Dattijo ne yake auna abin da yake zaton idon 'yan kallo ke so, yake neman a yanka wa 'ya'yan mutane tufafi a kansa. Hukumar dai ita ce ta hana sa ɗankwali a fili daga 2007, sai a 2014 ta amince gaba ɗaya. A 2023, a kofin duniya da aka yi a Ostareliya da New Zealand, Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga wa ƙasarta da hijabinta a wasansu da Koriya ta Kudu, ita ce ta farko a wannan mataki, kuma suka ci wasan, filin bai watse ba.

Yawancinmu ba za mu taɓa zama a irin waɗannan kujeru ba, wata don nisa, wata don maigida ba zai bari ba, wata kuma ita da kanta ba ta ga dacewar cakuɗuwa da maza ba, kuma ban ga laifinta ba. Amma wasan yana shigo mana har tsakar ɗaki ta talabijin da waya. Sau da yawa in an nuno 'yar wasa, abin da ke fara fita daga bakinmu shi ne, "Ji ƙafa kamar ta namiji, wa zai auri wannan?" Muna faɗa 'ya'yanmu mata na zaune suna ji, suna koyon yadda ake kallon macen da ta fito tana neman na kanta, ko 'yar ƙwallo ce, ko malamar asibiti, ko mai sayar da ƙosai a bakin titi.

Af, kada in manta da Rashidat Ajibade da aka kora a Rabat. Ranar 26 ga Yuli, 2025, Nijeriya ta sake haɗuwa da Maroko a birnin, wannan karon a wasan ƙarshe, jama'ar gari kuma na bayan 'yan gida kamar da. Kafin hutun rabin lokaci an zura wa Nijeriya biyu, aka dawo suka farke, saura minti biyu a tashi Jennifer Echegini ta jefa ta uku. Ajibade ce kyaftin, ita ta ɗaga kofin, na goma ga Nijeriya.