Natsuwa Da Zikiri: Wa Ake Tunawa?

 

A shekarar 1979 wani masani a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe aji a asibitin wata jami'a, inda masu fama da ciwo da damuwa ke yin mako 8 suna koyon lura da numfashinsu da motsa gaɓɓai a hankali. Daga mabiya addinin Buda ya ɗauko abin, ya tuɓe masa rigar ibada. Yau har cikin wayoyin matasanmu yake. A harshen Pali sunansa "sati" (ba na kwana bakwai ba), kuma asalin ma'anarsa tunawa. To, zikiri ma tunawa ne. Nan ne wasu ƴan'uwa ke cewa ai duk kanwar ja ce, natsuwa kowa ke nema.

Mutumin Arewa ya fi kowa sanin cewa kama da wane ba ta wane ba ce. Daga Dogon Dutsi har Lugu da Bagaji, ƙasa ce da ta san bori. Ana goge, ana kaɗa ƙwarya, jiki na rawa, iska ta hau dokinta. In ta sauka, sai mai jikin ya ce bai san abin da ya faru ba. Ranar Juma'a kuma bayan la'asar, a zawiya, ƴan'uwa na hailala, kafaɗu na rangaji, numfashi na tafiya tare. Mai inkari ya leƙo ya ce ga bori da carbi. Jiki kawai ya gani. A can mai gida ake so ya fita. A nan so ake ya kasance yana nan da hankalinsa, ya san abin da harshensa ke faɗi da Wanda yake faɗa wa.

Ajin Amurka ya yarda mutum ya kasance yana nan, amma a gaban kansa ya tsayar da shi. Muraƙaba kuwa tsayuwa ce gaban Mai gani, kamar yadda hadisin Jibrilu ya bayyana ihsani.

Inda ƙaya take shi ne ranar da natsuwar ta ƙi zuwa. Manomi ya wuni duƙe cikin gero, ya zauna lazimin yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100. Yatsu na jan carbi, zuciya na can wurin bashin taki da ruwan da ya yi jinkiri. In lafiyar rai ya zo saye, ya yi asara, gobe sai ya nemi wata kasuwa. Amma shi alkawari ya ɗauka a hannun muƙaddami, har mutuwa. Ibn Aɗa'illah a cikin Hikam ya hana barin zikiri don rashin halartar zuciya, domin gafala a cikin zikiri ta fi gafala daga barinsa sauƙi. Alƙur'ani a Suratur Ra'adi ya tabbatar da cewa zukata na natsuwa da ambaton Allah, sai dai bai yanka wa bawa rana ba.

Wanda damuwa ta hana shi barci ko cin abinci, ya je wurin likita, babu kunya. In an koya masa jan numfashi a hankali, ya yi, magani ne kamar sauran magunguna. Ya gama, ya yi alwala, ya fuskanci alƙibla, ya biya wuridinsa.