Aikin Hannu a Lokacin Hutu: Wane Ne Ubangida?

A Ingila akwai manyan mutane masu shafa fenti a jikin 'yan sojojin roba waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba. Kamfanin Games Workshop ya fitar da wasan Warhammer a 1983 domin irinsu. Waɗansunsu kuwa suna dafa giya a gida, gama tun 1963 dokar ƙasarsu ta yarda a yi haka ba da lasin ba.

Mu ma a Gazara mun san irin wannan. Yaranmu sukan gina dawakin laka. Akwai kuma gidajen da akan jiƙa dawa, ta tsira, a niƙa, a dafa burkutu.

Dukansu biyu suna bukatar haƙuri da gwaninta. To, daidai suke?

Dokin laka ba gunki ba ne, gama ba wanda yake durƙusa masa. Laifi yana shigowa sa'ad da wasa ya cinye kuɗin makarantar yara da lokacin sujada. Burkutu kuwa ya fi hatsari. Daga rumbu yake fitowa, dawar da aka jiƙa da rani ita ce tuwon da za a rasa da damina. Tukunyar kuma ba mai gida kaɗai take shayarwa ba, har da ɗan'uwa rarrauna. Ku karanta Romawa 14.

'Yan'uwa, ku gwada abin shaƙatawarku. Ku bar shi wata guda. In kun kasa, shi ne ubangida, ku ne bayi.