In Mai Mulki Ya Ce Shi Uba Ne

Tun muna yara aka koya mana abu biyu: mu girmama iyayenmu, mu kuma yi biyayya ga mahukunta. To, yaya ke nan in mai mulki ya haɗa biyun a kansa, ya ce ƙasa gida ce, shi ne uba, matarsa ce uwa, sauran jama'a kuwa 'ya'ya ne da ba su da bakin magana? Mutanen ƙasar Filifin sun sha wannan tambaya shekara goma sha huɗu, daga 1972 zuwa 1986, kuma mata ne suka fi ɗanɗana ɗacinta.

Filifin tarin tsibirai ce a kudu maso gabashin Asiya, yawancin mutanenta Kirista ne mabiya ɗarikar Katolika. Iyali yana da nauyi ƙwarai a wurinsu. Sukan kira uba ginshiƙin gida, uwa kuma fitilar gida. Bisa ga al'ada, miji yakan kawo albashinsa ya damƙa wa matarsa, ita ce ke riƙe da jaka, ita ke sanin kuɗin shinkafa da na makaranta. Amma dokar ƙasa ta wancan zamani ta ba miji ikon kula da dukiyar aure da zaɓen inda iyali za su zauna. Wato mace tana da iko a ɗaka, a gaban doka kuwa tana baya.

Ferdinand Markos ya hau mulki ta hanyar zaɓe a 1965, aka sāke zaɓensa a 1969. Da wa'adinsa na ƙarshe ya kusa cika, sai ya kafa dokar soja a watan Satumba na 1972. Ya rufe majalisa da gidajen jarida, ya tsare abokan hamayya, ya hana yajin aiki. Ya ce sabuwar al'umma yake ginawa, mai horo da ladabi. Shi da matarsa Imelda suka ɗauki matsayin iyayen ƙasa, har aka zana su da siffar Malakas da Maganda, wato Mai Ƙarfi da Kyakkyawa, namiji da mace na farko a tatsuniyar mutanen ƙasar. Dabara ce mai zurfi. Mutum yana iya jayayya da ɗan siyasa, amma wane ɗa na kirki ne zai ɗaga wa mahaifinsa murya?

Sai dai uba ana saninsa ta wurin abin da ya yi da 'ya'yansa. Ƙungiyar Amnesty International ta ƙiyasta cewa an tsare mutum kusan 70,000, an azabtar da kusan 34,000, an kashe fiye da 3,200. Cikin na farko-farko akwai Liliosa Hilao, ɗaliba 'yar shekara 23 mai rubutu a jaridar makarantarsu, wadda ta mutu a hannun jami'an tsaro a watan Afrilu na 1973. Iyalin da aka yi wa hidima da gaske shi ne na fada. Imelda ta zama gwamnar yankin Manila a 1975, ta zama minista a 1978. Ɗan'uwanta ya yi gwamna ya kuma yi jakada. Ɗansu ya zama gwamnan lardin Ilokos ta Arewa, 'yarsu Imee kuma aka ɗora ta a kan ƙungiyar matasa ta ƙasa.

Wannan abu ya kamata ya tsayar da mu, mu da muke yawan yabon iyali. Ƙaunar iyali ba kullum take gefen gaskiya ba. Ita ce ta sa mai mulki ya raba ƙasa ga danginsa. Ita ce kuma ta rufe bakin talaka, gama magidanci yakan ga zalunci ya kau da kai domin yana da bakuna shida da zai ciyar. Sojan da ya yi kame da dare, shi ma wataƙila uba ne mai tunanin kuɗin makarantar 'yarsa. Mulkin danniya ba ya bukatar kowa ya zama mugu. Ya ishe shi kowa ya ƙaunaci nasa kaɗai.

Ina ganin bai dace mu yi saurin hukunta matan da suka yi shiru ba. Nauyin da ke kansu ba ƙarami ba ne. In an kama miji, matar ce za ta bi barikoki tana tambaya, ta dafa abinci ta kai kurkuku, ta nemi abin da yara za su ci, ta kuma san amsar da za ta ba ƙaramin da ke tambayar ina baba. 'Yan mata da yawa sun bar ƙauyuka zuwa masana'antun Bataan suna ɗinki a kan ƙaramin albashi, ba su da izinin yajin aiki. Daga 1974 gwamnati ta mai da tura ma'aikata ƙasashen waje manufarta, domin kuɗin da suke aikowa gida. Wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla za su tuna malaman makaranta da ma'aikatan asibiti 'yan Filifin da suka yi aiki a Nijeriya a waɗannan shekaru. Uwa takan tafi renon 'ya'yan wasu a wata ƙasa, nata kuwa kaka ce ke riƙonsu. Gwamnatin da ta fi kowa wa'azin iyali ita ce ta warwatsa iyalai domin ta sami kuɗin biyan bashi, bashin da ya haura dala biliyan 26 kafin mulkin ya faɗi. Macen da ta ɗauki wannan kaya ta kuma tsare gidanta bai rushe ba, ta yi aiki babba, ko da ba ta taɓa fita zanga-zanga ba.

Amma akwai waɗanda shirun ya gagare su, kuma abin lura shi ne ba su bar matsayinsu na uwa ba kafin su yi magana. Matsayin ne ya tura su waje. A 1977 wani ɗalibi mai suna Archimedes Trajano ya tashi a taro ya tambayi Imee Markos dalilin da ya sa aka ba ta shugabancin matasa. Masu tsaronta suka fita da shi, bayan 'yan kwanaki aka ga gawarsa. Mahaifiyarsa Agapita ta jira shekara tara, ta shigar da ƙara a kotun Amurka a 1986, kotu kuma ta yanke hukunci a kan Imee a 1991. Haka nan Sista Mariani Dimaranan, wadda ita kanta aka tsare a 1973. Da ta fito sai ta jagoranci ƙungiyar da shugabannin masu hidimar ikilisiya suka kafa a 1974 domin taimakon tsararru. Aikinsu mai sauƙin faɗi ne: su rubuta sunan wanda aka kama, da ranar, da wurin, su ziyarce shi, su tallafi iyalinsa. Mulkin da ke ɓatar da mutane ba abin da yake tsoro kamar mai riƙe da sunaye.

Mai karatu zai ce, ai wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, sura 13, ta umarce mu da biyayya ga masu iko. Gaskiya ne, kuma ba a share ta ba. Amma surar nan ta bayyana aikin da aka ba mai iko, wato tsare mai kirki da hukunta mai mugunta. Littafin Fitowa kuma ya ba da labarin unguwarzoma biyu, Shifra da Fuwa, da suka ƙi umarnin Fir'auna na kashe jarirai, Allah kuwa ya sa musu albarka. Biyayya tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce inda aka ce ka sa hannu cikin mugunta ko ka kira ƙarya gaskiya.

A daidai wannan iyaka wasu ma'aikatan kwamfuta suka tsaya a ranar 9 ga Fabrairu, 1986. An yi zaɓe kwana biyu kafin nan tsakanin Markos da Korazon Akino, gwauruwar da aka harbe mijinta Benigno a filin jirgin saman Manila ranar 21 ga Agusta, 1983. Markos ya raina ta a yaƙin neman zaɓe, yana cewa mace ce kawai marar sanin mulki. Ma'aikatan nan, su kusan 35, yawancinsu mata, suka lura alkaluman da ake nunawa jama'a sun saɓa da waɗanda ke hannunsu. Suka tashi daga kujerunsu suka fita, suka nemi mafaka a wata majami'a. Ba su ɗauki makami ba, ba su zagi kowa ba. Sun ƙi dai a yi ƙarya da hannunsu.

Bayan haka bishop-bishop na Katolika suka fitar da sanarwa cewa gwamnatin da ta riƙe mulki ta hanyar maguɗi ba ta da hurumin neman biyayya. Ranar 22 ga wata Kadinal Jaime Sin ya yi kira ta gidan rediyon Veritas, jama'a suka cika babban titin EDSA, iyaye da yara, da tukwanen abinci. Sistoci suka durƙusa a gaban tankokin yaƙi suna addu'a, mata suna miƙa wa sojoji abinci da furanni suna tuna musu cewa su ma 'ya'yan wasu ne. Sojojin suka ƙi harbi. Ranar 25 ga wata Markos da iyalinsa suka bar fada, aka kai su Hawai, inda ya mutu a 1989. A 1987 Shugaba Akino ta sa hannu a sabuwar dokar iyali da ta ba miji da mata iko ɗaya a kan dukiyar aure da zaɓen mazauni.

Labarin bai ƙare da daɗi zalla ba. Hukumar da aka kafa bisa dokar 2013 ta amince da mutum 11,103 a matsayin waɗanda suka cancanci diyya, bayan da yawa daga cikin iyayen da suka nemi gaskiya sun riga sun mutu. A 2006 kotun ƙolin Filifin ta hana aiwatar da hukuncin da Agapita Trajano ta samu, saboda kuskure wajen isar da sammaci. A 2022 kuwa jama'ar ƙasar suka zaɓi Ferdinand Markos ƙarami, ɗan wancan, ya zama shugaban ƙasa da ƙuri'a fiye da miliyan 31. Da yawa cikin masu zaɓen ba a haife su ba lokacin dokar soja, abin da suka sani game da ita shi ne abin da aka faɗa musu, ko aka ƙi faɗa musu, a gida da makaranta.