Tausayin Da Yake Komowa

Idan masifa ta auka wa jama'a, zukatanmu sukan karye nan da nan. Mukan yi addu'a, mu ba da baiko na musamman, mu tara tufafi da hatsi. Wannan abu ne mai kyau. Amma akwai tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu: shin mun sauke hakkin maƙwabcinmu ke nan, ko kuwa mun kwantar da hankalinmu ne kawai?

A ranar 29 ga Agusta 2005 mahaukaciyar guguwar nan da ake kira Katrina ta faɗa wa kudancin Amurka. Shingayen da suke tare ruwa daga birnin New Orleans suka karye, ruwa ya mamaye wajen kashi 80 cikin 100 na birnin, mutane fiye da 1,000 suka rasa rayukansu. A makonnin farko duniya duka ta zuba ido. Daga baya 'yan jarida suka tafi, masu gidaje suka komo suka tarar da laka da funfuna sun cinye abin da suka yi shekaru suna tarawa.

A lokacin ne ƙungiyar agaji ta Katolika ta babban dayosis na birnin ta shiga tattara 'yan sa kai, musamman domin tsofaffi da naƙasassu waɗanda ba su da ƙarfi ko kuɗin gyara. Wasu ikilisiyoyi ma sun yi haka. Ɗalibai suka riƙa zuwa a lokacin hutunsu, da ma'aikata, da waɗanda suka yi ritaya. Aikin ba mai daɗin gani ba ne. Kafin a kafa ƙusa ɗaya, sai an fitar da katifu da kujerun da suka ruɓe, a ɓamɓare allunan bango, a bar katakon gidan ya bushe. Bayan haka ne ake soma gini, wanda ya ɗauki shekaru.

Mu tuna da misalin Basamariye a Bisharar Luka, sura 10. Sau da yawa mukan tsaya a wurin da ya ji tausayi ya ɗaure raunukan mutumin. Amma labarin bai ƙare a bakin hanya ba. Ya kai shi masauki, ya kwana yana jinyarsa, ya bar dinari biyu, ya kuma yi alkawarin komowa ya biya abin da ya ƙaru. Tausayin ranar farko yakan zo da kansa, ko mai taurin zuciya yakan ji shi. Komowa kuwa sai an yi niyya, domin tana cin lokaci da aljihu, kuma ba mai kallo balle ya yaba.

Wani zai ce, ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, gina shingaye masu ƙarfi da kula da madatsun ruwa hakkin hukuma ne, kuma wajibi ne mu tuna mata. Sai dai gwauruwar da rufinta ya faɗi ba za ta iya jira har a gama rubuta takardu ba.

Mu ma mun ga irin wannan rana. A watan Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. Kowace damina kuma bangon ƙasa yakan zube a ƙauyukanmu. Kakanninmu sun bar mana aikin gayya, sun kuma ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kowace ikilisiya akwai magini da kafinta, akwai matasa, akwai Zumuntar Mata. Bari majalisar kowace coci ta rubuta sunayen waɗanda ruwa ya rushe wa ɗaki, Kirista ne ko Musulmi, ta sa rana bayan kaka, lokacin da kowa ya manta da su, mu je da fartanya da kwando.

Ubangiji ya ba mu zuciyar da take komowa. Amin.