Bashin tambaya

Watan jiya wani abokina da ke karantarwa a wani ƙauye na yankin Tibiri (Tibirin Doso nake nufi, ba na Gobir ba) ya aiko mini saƙon murya. Da Hausa yake koyar da ƴan ajinsa. Ya ce yara suna rubuta "gidanai" da "munka zo", littafi kuwa ya ce "gidansa" da "muka zo". Sai ya tambaye ni: "Kai da ke karatun ilimin harshe, in sa musu jan biro ko in ƙyale su?"

Kwana uku ban amsa ba. Kunya ta hana ni in ce ban sani ba. Shekara uku ina jami'a a Yamai, na san ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999, amma ba ta gaya mini yadda malami zai yi da yaron da ya rubuta maganar uwarsa daidai ba. Mu ɗalibai mun iya wannan ciwo. Muna ɓoye jahilcinmu, muna ɓoye har batun bincikenmu don kada wani ya riga mu, alhali kowa ya haddace cewa matambayi ba ya ɓata.

Daga baya na sauke girman kai na tambayi wani malaminmu. Ya nuna mini rubutun Claude Gouffé, Bafaranshen da ya yi nazari kan Hausar Dogon Dutsi tun kafin a haifi iyayena. Na karanta, na ƙaru. Amma wadda ta buɗe mini ido sosai kakata ce a Matankari. Ta waya na ce mata: "Kaka, mi ya raba 'ya zo' da 'yaz zo'?" Ta yi dariya ta ce: "Kai ko! Baƙo ya zo. Wa yaz zo? Baƙo ne yaz zo. Haka ba ka sani ba, mi kake karantawa can?"

Ku duba da kyau. A daidaitacciyar Hausa ma bambancin nan yana nan, a tsawon wasali: "ya" na "baƙo ya zo" dogo ne, na "wanda ya zo" gajere. Rubutu dai ba ya nuna shi. Yaron Arewa da ya rubuta "yaz zo" ya fito da abin da littafi ya ɓoye. Kakata ba ta taɓa shiga lakkwal ba, ta ba ni misalai uku a jere, kamar yadda masanin nahawu zai yi.

To, ga inda na kama kaina. Da na zo rubuta aikin da zan miƙa, na sa sunan Gouffé da shekara da shafi, na gode wa malamina. Ita kuwa na rubuta "wata tsohuwa mai jin Arewanci". Wa ya koya mini wannan rabo, cewa mai digiri abokin aiki ne, mai harshe kuwa rijiya ce da ake ja a wuce?

Tsohon hali ne a fanninmu. James Schön, wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da yawan abin da ya sani daga bakin Dorugu ya fito, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855. Labaran Dorugu ne suka cika Magana Hausa na 1885. Sunansa yana ciki, ban ce an shafe shi ba, amma har gobe "littafin Schön" ake cewa.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Ba kowa ke son sunansa a takarda ba. Wanda ya je Lugu, garin Sarauniya, ko Bagaji wurin Baura, ya san akwai maganar da za a gaya maka bisa amana, fitar da sunan mai ita cin amana ne. Sannan suna a shafin godiya ba ya sayen tiya guda ta hatsi. Duk na yarda. Sai dai a wurina ba kariya ce ta sa na ɓoye kakata ba, ban ma tambaye ta ko tana so ba. Bai faɗo mini a rai ba sam, kuma wannan shi ya fi damuna. Da malamina na ara ma misalan nan ban faɗa ba, da an ce na yi sata.

Abin ya ƙara nauyi tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa. Tambayoyi irin na abokina za su yawaita, kuma masanan da ke Yamai ba za su wadatar da su ba.

Na kira abokin nawa. Munka shirya zai rubuta siffofin biyu a allo, ya ce ga ta gida ga ta littafi, a jarrabawa ta littafi ake so, jan biro kuwa ya ajiye shi don kuskure na gaske. Na kuma kira kaka na tambaye ta ko in sa sunanta. Ta ce in bari sai ta yi shawara, kuma in na tashi zuwa hutu in taho mata da goro.